Ƙananan Motocin da Suka Cinye Huhun Malam

Na daɗe ina juya maganar nan a raina, in rubuta ko in bari. Ran nan a kasuwar Dutsin-Ma na ga wani magidanci mai gyaran waya ya duƙufa a wani akurkin shago, hayaƙin dalma na shiga hancinsa, yana tari yana ci gaba da aiki. Na tsaya kamar in yi mashi magana, sai na ji nauyi na wuce. To, ga abin da na kasa faɗa mashi.

Maigidana sunansa Kabiru, ni Malam nake ce mashi. Mutumin wani ƙauye ne a bayan Kurfi, aiki ya kawo shi Dutsin-Ma, yana koyar da zanen fasaha a wata sakandare. Ba ya shan taba, ba ya zaman majalisa. Abu guda ne ya shiga ransa, haɗa ƙananan motoci. Ba irin na wasan yara ba. Suna zuwa a kwali gunduwa-gunduwa, an yi su da wani abu mai kama da daskararren ƙaro, rezin suke ce mashi. Motocin tsere ne na zamanin da, masu kujera biyu da doguwar gaba, wasu ko rufi babu. In ya gama guda ba ta wuce tafin hannu, amma har da sitiyari da madubi da wayoyin taya sirara kamar gashi. Wani abokin aikinsa da ya dawo daga karatu a waje ne ya fara kawo mashi tsarabarta. Daga nan ya koma yin oda ta waya, kaya su sauka Kano, a ba direba ya kawo tasha.

Akwai wani ɗan ɗaki kusa da soro, nan yake aikin. Taga a rufe, har tsumma yake cusawa ƙarƙashin ƙofa, wai kada ƙura ta sauka kan ɗanyen fenti. Zai goge gunduwar nan da sanfefa har wata farar ƙura mai laushi ta rufe mashi gira da gemu, sannan ya fesa fenti. Daga baya, da ya ga in wani sashe ya karye sai an daɗe ana jiran wani, ya koyi zuba nasa. Yakan haɗa wasu ruwa kala biyu a gwangwanin madara, su yi zafi da kansu, wani wari ya tashi mai kama maƙogwaro.

Ni kuwa ban taɓa ganin aibun abin ba. Ƙawayena na kukan mazansu ba sa zama gida, ni nawa in na leƙa ga shi nan. Yaranmu, Ummi da Sadik, har suna suka sa wa kowace mota.

Da hannu abin ya fara. Tsakanin yatsunsa ya yi ja, yana ƙaiƙayi, fatar na tsagewa. Muka ce sabulu ne, na canza sabulu. Sai fatar idonsa ta riƙa kumbura da safe. Sai tari, busasshe, wanda ba ya fitar da komai. Mai kemis ɗin unguwarmu ya ce mura ce ta haɗu da maleriya, ya haɗa mashi magani. Sati ya zagayo, ya ce to taifot ce. Malam ya shanye maganin wannan ma.

A sati na uku ne na fara jin kukan. In yana numfashi sai ka ji wani siririn sauti daga ƙirjinsa, kamar an danne ɗan kyanwa. Na ce, "Malam, mu tafi asibiti."

Ya ce, "Binta, kin san layin nan. Bari a yi hutu."

Bai kai hutun ba. Wata Talata yana cikin aji ya kasa ƙarasa magana, ya dafa allo, malamai suka kawo mani shi a napep, rigarsa sharkaf da gumi.

Wanda bai taɓa bin layin asibiti da marar numfashi ba bai san tsawon hantsi ba. Ka yanki kati, ka jira a nemo fayil, ka koma benci. Shi yana zaune ya dafe gwiwoyi, kafaɗunsa na hawa suna sauka, ni ina zarya ina roƙon a duba shi. Wata ma'aikaciya ta ce mani, "Hajiya, kowa nan marar lafiya ne." Gaskiya ta faɗa, amma ranar na ji kamar in shaƙe ta. Likitan da muka gani, Allah Ya saka mashi, a gajiye yake, mutane cike har bakin ƙofa. Ya sa abin sauraro, ya ce sanyi ne ya shiga ƙirji, aka ba shi gado, aka yi ta allura da ƙarin ruwa. Cikin 'yan kwanaki Malam ya miƙe garau, har yana tsokanar maƙwabcin gadonsa. Muka dawo gida muna hamdala.

An ba shi hutun jinya daga makaranta. Mutum ne da ba ya iya zama hannu sake, sai ya shige ɗakinsa, wai ya ɗan rage kewa. A da sai ya dawo aiki yake shiga, yanzu tun safe yana ciki. Kafin Juma'a kukan ƙirji ya dawo, ya fi na farko. Muka koma asibiti, ya samu sauƙi, muka dawo, ya shiga ɗaki, ya sake faɗuwa. Haka muka yi ta yi kusan wata biyu, kuma a cikinmu babu wanda ya haɗa wannan da wancan.

Ya rame, wandonsa sai da ɗauri. Nan aka fara raɗe-raɗin tarin fuka. Maƙwabciyata da kullum take aiko 'yarta aron turmi ta daina. In na shiga gidan suna sai in ga an matsa mani fili fiye da wanda nake buƙata. Na ware mashi kofi da cokali ina kuka a ɗakin girki, na kwashi yara na kai su wurin mahaifiyata a Dabawa. Ranar da za su tafi Sadik ya ruga zai rungume shi, Malam ya ɗaga hannu ya tsayar da shi daga nesa. Aka yi gwajin kaki, aka ɗauki hoton ƙirji, aka ce babu tarin fuka. Ya kamata in yi murna. Sai na ji tsoro ya ƙaru, don ciwon da aka san sunansa ai an san maganinsa.

Shawara kuwa ba irin wadda ban ji ba. Wannan ya ce zuma da tafarnuwa, wancan ya ce man damo, wata ta ce kitsen kada. Duk abin da aka ambata sai na nemo. Albashinsa ya koma na kemis, nawa ɗan ɗinkin da nake yi ya tsaya.

Sai ga Inna, mahaifiyarsa, ta zo daga Kurfi tare da Yaya Lawal, babban wansa, manomi ne kuma yana kiwo. Inna ta dube shi ta saki salati.

"Binta, haka kika bar mani shi? Mi ya hana ki aiko tun wuri? Ku tattara mu tahi gida. Na asibiti ya gaza, a gwada na gida."

Yaya Lawal kuwa ya miƙe. Ya tura ƙofar ɗan ɗakin nan, ya tsaya yana kallon motocin jere a kan katako, ja da kore da ruwan toka. Ya daɗe. Da ya fito sai ya ce mani, "Maman Ummi, waɗannan abubuwan na miye?"

Na ce, "Sha'awa ce kawai, Yaya."

Ya ce, "Babba da shi, da gemu, ya rufe kansa a ɗaki da 'yan gumaka. Hmm."

A ƙauye aka fara jiƙe-jiƙe da rubutu. Abin mamaki, sati bai cika ba tari ya lafa. A sati na biyu Malam ya cinye tuwon dawa malmala guda, ya taka da ƙafarsa har masallaci. Hannunsa ya fara warkewa. Inna ta ce, "Kin gani ko?" Ni ma na yarda, wallahi na yarda. Har na yi wa yara waya na ce Babansu ya kusa dawowa.

Mai maganin da Yaya Lawal ke karɓo jiƙon a wurinsa ne ya ce sauƙin ba zai ɗore ba sai an raba shi da abin da ya kama shi. Wai iska ce ta samu wurin zama a cikin motocin, kuma sai an ƙone su a gabansa, hayaƙin ya taɓa jikinsa. Ba a gaya mani ba, ba a gaya wa Malam ba. Ranar kasuwa Yaya ya tafi Dutsin-Ma, ya karɓi makulli wurin maƙwabcinmu da sunan zai ɗauko bargo.

Bayan la'asar ne. Malam na kishingiɗe a tabarma ƙarƙashin darbejiya, ina tankaɗe a gefe. Yaya ya shigo da buhu biyu, ya zazzage su a tsakar gida, kusa da ƙafar Malam. Motocin nan da aka yi shekaru ana haɗawa suka zube kamar tsakuwa, har da kwalaye da gwangwanayen fenti da kwalaben ruwan nan. Kafin mu gane me ake ciki ya tuttula kalanzir.

Malam ya yunƙura. "Yaya! Yaya, don Allah kada ka sa wuta! Akwai kwalabe a ciki!"

"Zauna, Kabiru. Rai nake nema maka."

Ya ƙyasta ashana.

Ban taɓa ganin hayaƙi irin wannan ba, baƙi ƙirin, mai nauyi, ba ya tashi sama sai bin ƙasa. Wani gwangwani ya fashe kamar bindiga, kaji suka watse. Malam ya rarrafa wajen wutar, ban sani ba ko wata yake son cirowa, hayaƙin ya rufe shi. Da na jawo shi baya bakinsa a buɗe yake, yana jan iska ba ta shiga. Wannan kukan kyanwar ma babu shi. Shiru. Leɓɓansa suka fara yin baƙi, idanunsa a kaina, yana nuna mani maƙogwaronsa.

Na ƙwalla ƙara. Na ce, "Ka kashe shi! Yaya, ka kashe mani shi!"

Yaya Lawal ya yar da ashanar, ya saɓa Malam a baya kamar yaro, ya fita da gudu ba takalmi. Na bi shi, ban san inda mayafina ya faɗi ba. Inna na bayanmu tana kiran sunan Allah.

A cikin garin Kurfi muka fara shiga wani ƙaramin asibitin kuɗi. Ma'aikacin ya yi mashi allura nan take, ya jawo tukunyar oksijin, ya murɗa, ya sake murɗawa. Babu komai a ciki. Ya ce, "Ku kai shi Katsina yanzu-yanzu. Kada ku tsaya ko'ina."

Rana ta yi ja. Duk wanda ya san yankinmu ya san abin da ake nufi da hawa hanya a wannan lokacin, saboda 'yan bindiga. Direban farko ya ce motarsa ba lafiya. Na biyu ya fito mani a mutum, ya ce, "Hajiya, ina da iyali." Na durƙusa a tasha gaban maza, ni da ko gaisawa da baƙo ba na iya yi sai na sunkuyar da kai. Wani dattijo mai akori-kura ɗauke da buhunan gero, wanda ya riga ya yanke shawarar kwana a Kurfi, ya dube mu ya ce, "In muka haɗu da mutanen nan fa?"

Na ce, "Baba, in mun tsaya ma mutuwar ce."

Ya tofar da goron bakinsa ya ce, "Ku hau."

A kan buhunan muka zaunar da shi, ya jingina da ƙirjina, don in ya kwanta abin ya fi tsananta. Yaya na yi mashi fifita da hula yana kuka kamar mace, yana cewa, "Kabiru, ja. Ja kaɗan. Don Allah ja." Ni kuwa na sa tafina a bayansa ina jin kowane numfashi, in ya jinkirta sai in girgiza shi. Akwai inda na ji jikinsa ya saki gaba ɗaya, na fara laƙƙana mashi kalmar shahada, sai ya sake fizgar iska. A shingen jami'an tsaro wani ya leƙo, ya ga fuskarsa, ya daka wa na gaba tsawa a buɗe hanya. Ban san sunan dattijon nan ba, ban san na jami'in ba. Ko kuɗin mai dattijon bai karɓa ba. Kullum suna cikin addu'ata.

A Katsina aka sa mashi oksijin, aka ɗora mashi wani abin rufe hanci mai turara magani. Kwanakin farko bai san wanda ke kansa ba. Ni a baranda nake shimfiɗa tabarma tare da sauran masu jinya, da sassafe masu gadi su tashe mu kamar mun yi sata. A rubuto magani, ka je ɗakin magani a ce babu, ka fita waje nema cikin rana, ka dawo an sake rubuto wani. Keken ɗinkina ya tafi. Yaya Lawal ya sayar da san nomansa ana gab da damina, ya kawo kuɗin ya ajiye a gefen tabarmata, don ya san ba zan karɓa daga hannunsa ba. Ban yi mashi magana ba tun ranar wutar. Wata mata daga Kuki da ke jinyar mahaifinta ita ta riƙa tilasta mani shan koko. Mahaifin nata bai tashi ba. Ranar da za su tafi da gawa ta bar mani filas ɗinta.

Da ya farfaɗo, wata likitar ƙirji ta zo zagaye. Ta saurari bayansa, sannan ta kama hannuwansa ta juya su, tana kallon tabon da ke tsakanin yatsu.

"Malam, ban da koyarwa, me kake yi da hannuwan nan?"

Tun da aka fara ciwon nan ba wanda ya taɓa yi mashi wannan tambayar. Ya kasa doguwar magana, sai na buɗe waya na nuna mata hotunan motocin, da gwangwanin madarar, da shi kansa gemu fari fat da ƙura yana dariya. Ta tambayi taga, na ce a rufe. Ta tambayi takunkumi da safar hannu, na ce bai taɓa sawa ba. Ta ce, "In aka kwantar da shi yakan samu sauƙi? Da ya je ƙauye fa?" Na ce ƙwarai, har mun ce jiƙon ne ya karɓe shi.

Ta ce, "Nisa da ɗakin ne ya karɓe shi."

Na zauna a bakin gado. Ta ce asma ce irin wadda sinadari ke jawowa, ƙurar da tururin ruwan nan da fentin su suka yi ta cin hanyoyin iskarsa, hayaƙin wutar kuma ya zo ya ƙarasa ɓarnar. Akwai maganarta da har yau take mani yawo a ka: "Huhunka ya haddace abin nan, Malam. Duk ranar da ya sake jin sa, ko kaɗan ne, zai rufe."

Malam ya cire abin hancinsa ya ce, "Likita, zan warke?"

Ta ce, "Za mu lallaɓa shi. Ba zan ce maka zai koma yadda yake ba."

Bai koma ba. Mun dawo Dutsin-Ma da abin shaƙa kala biyu, ɗaya na kullum, ɗaya na ko-ta-kwana, wanda ba ya barin jakata. Alli ya gagare shi, an mayar da shi ofis. Na daina turaren wuta, na daina soya barkono. Akwai layin masu fentin mota a hanyar tasha, rannan iska ta kaɗo mamu warin daga nesa, sai da ya zauna a ƙasa bakin kwata mutane na kallo. Ɗakin nan an wanke shi, an fasa mashi babbar taga, amma ko ƙofarsa ba ya bi. Wani lokaci in same shi zaune yana kallon hannuwansa kawai. Duk komawar da muka yi Katsina sai an ba shi wani bututu ya hura, likita ta dubi sakamakon, ta ce mu ci gaba da magani. Na iya karanta fuskarta yanzu.

Don haka nake roƙon duk mai aiki da fenti, ko gam, ko dalma, ko wani ruwa mai wari, sana'a ce ko sha'awa, ya buɗe taga, ya rufe hancinsa da takunkumin da aka yi don aikin, ya sa safar hannu. In ka je asibiti kada ka jira a tambaye ka, faɗi abin da kake taɓawa kullum. In ciwo na lafawa sa'ad da ka bar wani wuri, ya dawo in ka koma, to dubi wurin. Kuma don girman Allah kada a ƙona irin kayan nan kusa da mutane.

Yaya Lawal ya zo bayan an yi girbi, da ɗan buhun wake. Waccan daminar da jaki ya yi huɗa. Suka zauna a soro shi da Malam, ina jin su daga ciki. Can Yaya ya ce, "Kabiru, in na samu hali na sa aka kawo maka wata 'yar motar fa? Ko guda ɗaya."

Malam ya ce, "Ko ka kawo ba zan iya taɓa ta ba, Yaya."

"To mi zan yi maka?"

"Ka riga ka yi. Kai ka goya ni."

Na daɗe tsaye riƙe da tire. Zuciyata ba ta gama hucewa ba, ba zan yi ƙarya ba. Amma na shiga na ajiye, na ce, "Yaya, ga abinci." Ya amsa bai ɗago ba.

Wanda ya karanta wannan ya sa Malam a addu'a. Jiya ruwa ya hana shi fita masallaci, ya ja mu sallar magariba a ɗaki, ni da Ummi da Sadik. Ya kai ƙarshen Fatiha bai yanke ba. A tsakiyar sura iskar ta ƙare mashi. Ya tsaya, kafaɗunsa na hawa suna sauka. Sadik ya buɗe baki zai ɗora mashi ayar, ya ɗauka mantuwa ce, sai kuma ya yi shiru. Muka tsaya a bayansa muna jira, har ya samu numfashi ya ci gaba daga inda ya tsaya.